Fassarar Keɓaɓɓun Kalmomin Fasaha: Darasi Daga Saitin Faifan Ajiyar Kwamfuta a Linux

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin hanyoyin da Hausa take bi wajen raɗa wa baƙin abubuwa suna, wato aro da faɗaɗa ma'ana da tsira da harɗantawa da kuma fassarar bayani. Misalan da aka kawo a can an tsamo su ne daga fannonin da ɗalibi ya riga ya saba da su, kamar nahawu da mulki da kiwon lafiya. A wannan babi za a ɗauki fanni guda wanda yawancin ɗaliban Hausa suke shakkarsa, a bi shi daki-daki, domin a ga yadda waɗannan hanyoyi suke aiki idan an fuskanci matani na gaske. Fannin shi ne saitin faifan ajiyar kwamfuta a babbar manhajar nan da ake kira Linux.

Mai yiwuwa ɗalibi ya ce, ina ruwan malamin Hausa da kayan cikin kwamfuta? Ruwansa kuwa babba ne. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, abin da ya sa makarantun sakandare suka dukufa neman ɗakin kwamfuta ko da da tsofaffin na'urori ne. A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kuma kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, alhali tsofaffin na'urori da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Hanya mafi sauƙi ta raya irin waɗannan na'urori ita ce a ɗora musu Linux. Bayanan kula da ita kuwa da Ingilishi suke. Idan shugaban makaranta a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun yana son a mayar wa mai kula da ɗakin kwamfuta da waɗannan bayanai cikin Hausa, malamin Hausa zai nema. Kuskure a fassarar waƙa yakan rage mata armashi ne kawai, amma kuskure a fassarar umurnin kwamfuta yana iya shafe sakamakon jarrabawar zango guda. Saboda haka za a tafiyar da abubuwa biyu tare, wato fahimtar abin, sa'annan neman sunansa, domin mai fassara ba ya iya fassara abin da bai fahimta ba.

9.1 Manhaja, Babba da Buɗaɗɗiya

Kalmar "manhaja" daga Larabci ta zo, kuma malamai sun san ta da ma'anar tsarin abin da za a koyar. Marubutan Hausa a jaridu da kafafen rediyo sun faɗaɗa ma'anarta ta ƙunshi jerin umurnin da kwamfuta take bi, kuma faɗaɗawar ta dace, domin duka biyun tsari ne da aka shimfiɗa tun kafin a fara aiki. "Babbar manhaja" ita ce wadda take tafiyar da na'urar baki ɗaya, sauran manhajoji su hau kanta.

Linus Torvalds ne ya fara rubuta ƙashin bayan Linux a shekarar 1991, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, aka haɗa shi da kayan aikin shirin GNU wanda Richard Stallman ya ƙaddamar a Amurka a 1983. Daga nan nau'o'i suka yaɗu, kamar Debian da ta fito a 1993, da Ubuntu da Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya samar a 2004. Ya kamata ɗalibin harshe ya lura cewa sunan Ubuntu kansa daga harsunan Zulu da Kosa aka ɗauko shi, ma'anarsa kuwa ta yi kusa da abin da Bahaushe yake kira mutuntaka.

A nan ne mai fassara yake fara cin karo da tarko. Kalma ɗaya ce a Ingilishi take ɗauke da ma'anar "kyauta" da ma'anar "'yanci", kuma da ita aka siffanta wannan rukuni na manhajoji. Ɗalibai da dama sukan rubuta "manhajar kyauta". Wannan bai isa ba. Akwai manhajojin da ake bayarwa ba ko kwabo amma a rufe suke, ba mai ikon duba cikinsu. Abin da masu wannan tafiya suke nufi shi ne kowa yana da ikon ya karanta asalin rubutun manhajar, ya gyara, ya raba wa wasu. Hausa ta fi Ingilishi wadata a wannan gurbi, tunda tana da kalmomi biyu mabambanta, don haka babu dalilin da zai sa mu gaji ruɗanin wani harshe. "'Yantacciyar manhaja" ko "buɗaɗɗiyar manhaja" su ne suka dace.

9.2 Faifan da Yadda Aka Sa Masa Suna

Idan aka bi hanyar aro, aka Hausantar da sunan da masu gyaran kwamfuta suke kiran wannan na'ura da shi, za a gamu da matsalar tsarin sauti. Hausa ba ta yarda da cunkoson baƙaƙe a ƙarshen gaɓa ba, saboda haka baki yakan zubar da wasu, a ƙare da "had dis", wanda cikin saurin magana kunnen Bahaushe zai kai shi ga "hadisi". Wannan kaɗai ya isa a guje wa aro a rubutu.

Faɗaɗa ma'ana ta fi ba da mafita. Faifai tun asali shi ne abin da mata suke saƙawa su rufe ƙwarya ko su yi bakace da shi, wanda a karin harshen Zamfara da Sakkwato za a ji an ce "hwaihwai", saboda baƙin /f/ yakan koma /hw/ a gaban wasalin /a/. Da garmaho ya zo aka ce "faifan garmaho", da bidiyo ya zo aka ce "faifan bidiyo". Kalmar ta riga ta yi wannan tafiya sau biyu, don haka "faifan ajiya" ba zai zama baƙo ba. Wasu marubuta sun zaɓi "rumbu", wasu kuma "ma'adana". Duka biyun suna da kyau, amma aikin abin suke nunawa, ba siffarsa ba. A ganina a bar "ma'adana" ta zama gamammen suna na duk abin da ake adana bayani a ciki, tunda ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -a suna ba da sunan wuri kamar a "makaranta" da "masaƙa", sa'annan "faifan ajiya" ya keɓanta ga mai juyawa. Bisa wannan ƙa'ida ce kuma za a kira ɓangaren da yake yin lissafi "masarrafi", da ɗafa-ƙeyar -i ta sunan kayan aiki kamar a "mabuɗi" da "madubi". Wurin da kwamfuta take riƙe aikin da ke hannu, wanda yake gogewa da zarar an ɗauke wuta, shi ne za a kira "ƙwaƙwalwar wucin gadi".

Kamfanin IBM ne ya fitar da faifan ajiya na farko a shekarar 1956. Yana da faya-fayai 50, kowanne faɗinsa inci 24, kuma duka abin da yake ɗauka bai wuce haruffa kusan miliyan 5 ba. Na yau ya shiga aljihu, amma tsarin bai canza ba. Akwai faifai ɗaya ko fiye mai rufin maganaɗisu yana juyawa, galibi sau 5,400 ko sau 7,200 a minti. Akwai hannu mai kai da kawowa a samansa, a bakin hannun kuma akwai ɗan ƙaramin abu mai karantawa da rubutawa. Ɗalibai sukan yi saurin kiransa "allura" saboda kwatanci da garmaho. Kwatancin ya ɓatar da su, domin allurar garmaho tana taɓa faifai, shi kuwa wannan iskar juyawa ce take ɗauke da shi, a tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba. Ranar da ya taɓa faifan, ranar ce faifan ya lalace. Wanda ya karanta "allura" zai ɗauka taɓawa ita ce daidai, ba zai fahimci dalilin hana jijjiga kwamfuta tana aiki ba. "Kai" ya wadatar.

An raba fuskar faifan zuwa zobba, aka yanyanka kowane zobe gida-gida. Duk wanda ya san noman rani zai gane wannan da kalmar "fangali". Kowane fangali yana ɗaukar bayit 512, a sababbin faya-fayai kuma bayit 4,096.

9.3 Girma Daban, Sauri Daban

Madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato an gina ta ne ta riƙe ruwa mai yawan mita miliyan 450 na murabba'in cubu, domin shayar da gonaki a ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Amma manomin shinkafa da yake can ƙarshen magudana ba wannan adadi ne ya dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne yaushe ruwa zai iso fangalinsa, kuma nawa ne zai shigo a sa'a guda. Wannan ya danganta ga yadda aka buɗe ƙofofi, da faɗin magudana, da ko ciyawa ta toshe ta. Haka faifan ajiya yake. Gigabayit 500 ko terabayit 1 da aka rubuta a jikinsa girman tafkin ne. Saitin da wannan babi yake magana a kai shi ne ƙofofi da magudanai.

Shi kansa saurin iri biyu ne, kuma wajibi ne mai fassara ya ba su suna biyu. Akwai "jinkirin isa", wato lokacin da ake ɗauka kafin a kai ga bayanin, akwai kuma "yawan kwarara", wato adadin da yake wucewa a sakan guda bayan an kai. An zaɓi "sakan" a nan da gangan, domin "daƙiƙa" a Larabci minti ce, a bakin Hausawa da yawa kuma sakan ce, kuma matanin fasaha ba ya jure kalma mai fuska biyu. Faifan da yake juyawa sau 7,200 a minti yana kammala zagaye ɗaya cikin milisakan 8.3, wato 60 a raba da 7,200. A matsakaici kan yakan jira rabin zagaye kafin fangalin da ake nema ya iso ƙarƙashinsa, milisakan 4.2 ke nan. A faifai mai juyi 5,400 jiran yakan kai milisakan 5.6. Idan aka ƙara lokacin da hannun yake ɗauka ya koma wani zobe, wanda yakan kai milisakan goma ko kusa da haka, za a ga cewa faifan da yake iya kwararo megabayit fiye da 100 a sakan idan bayanin a jere yake, da ƙyar yake biyan buƙata ɗari a sakan idan a warwatse suke. Kusan duk dabarun da za a ambata a gaba ƙoƙari ne na rage wannan kai da kawowa.

9.4 Manhajar hdparm da Darajar Harafi

Ƙaramar manhajar da aka fi sani wajen duba saitin faifai da sauya shi a Linux ita ce hdparm, wadda Mark Lord ɗan ƙasar Kanada ya rubuta. Linux takan kira faifai na farko /dev/sda, na biyu /dev/sdb. A tsofaffin littattafai za a ga /dev/hda, sunan da aka yi amfani da shi a zamanin faya-fayan IDE masu faffaɗar igiya. Domin ganin sunan faifai da abin da yake iyawa, sai a rubuta:

sudo hdparm -I /dev/sda

Kalmar sudo neman izinin shugaban na'ura ce. Domin auna sauri kuma:

sudo hdparm -t /dev/sda

sudo hdparm -T /dev/sda

Umurni na farko, mai ƙaramin harafi, yana auna yawan kwarara daga faifan kansa. Na biyu, mai babban harafi, bai ma taɓa faifan ba, saurin masarrafi da ƙwaƙwalwar wucin gadi yake aunawa, shi ya sa yakan ba da dubban megabayit. Wanda ya ɗauki adadi na biyu a matsayin saurin faifansa ya yi kamar wanda ya auna saurin ɗibar ruwa daga randa ya ce saurin rijiya ne. Ana so a maimaita awon sau biyu ko uku lokacin da na'urar ba ta wani aiki, a rubuta sakamakon a takarda kafin a sauya komai.

A nan akwai darasin da ɗalibin tsarin sauti zai fi kowa ganewa. Mun san cewa lanƙwasa ɗaya ce ta raba "baki" da "baƙi", ta raba "kafa" da "ƙafa", kuma mun sha yin tir da masu buga rubutu da suke zubar da ita. A wurin hdparm babban harafi da ƙarami haka suke. Harafin -W yana kula da ajiyar rubutu ta wucin gadi, amma -w yana tilasta wa faifai ya sake farawa, kuma littafin jagorar manhajar da kansa ya yi gargaɗin cewa haɗari ne. Harafin -y yana sa faifai ya huta, -Y kuwa yana sa shi barci mai nauyi. To, manhajojin buga rubutu suna da ɗabi'ar mayar da harafin farkon layi babba, su kuma mayar da gajeren karan ɗori dogo, ba tare da sun tambayi kowa ba. Don haka ƙa'ida ita ce, umurni ba a fassara shi, ba a Hausantar da shi, ba a gyara masa rubutu. A ware masa layinsa, kuma bayan an buga takarda a sake gwada shi da asali harafi bayan harafi. Akwai ma wasu umurnan hdparm, kamar na shafe faifai ƙarƙaf, waɗanda bai kamata su shiga takardar da za a raba wa 'yan makaranta ba sam.

9.5 Muhimman Saituna

Saitin da ya fi shahara a rubuce-rubucen farkon shekarun 2000 shi ne DMA. A tsohuwar hanya da ake kira PIO, masarrafi ne da kansa yake ɗauko kowane guntun bayani daga faifai ya kai ƙwaƙwalwa, tamkar a ce shugaban makaranta ne yake jigilar ruwa bokiti-bokiti alhali ayyukan ofis suna jiransa. Mafi girman abin da wannan hanya take kaiwa shi ne megabayit 16.7 a sakan. Da DMA kuwa bayani yana wucewa ƙwaƙwalwa ba tare da ya bi ta hannun masarrafi ba, don haka fassarar bayani ta "isarwa kai tsaye" ta dace da shi. A wancan zamani akan kunna shi da -d1, a ga na'ura ta farfaɗo nan take. Amma ɗalibi ya kiyaye. Faya-fayan SATA sun fara maye gurbin na IDE tun daga 2003, Linux ta koma kunna isarwa kai tsaye da kanta, kuma a 2021 aka cire tsohon sashen IDE daga cikinta gaba ɗaya. Wanda ya fassara tsohon matani ya miƙa wa makaranta a yau, ya ba da maganin cutar da ta riga ta kau. Duba shekarar matani yana cikin aikin mai fassara.

Na biyu shi ne "karatun gaba". Idan aka nemi fangali ɗaya, Linux takan ɗebo na gaba da shi ta ajiye, bisa zaton za a neme su. Umurnin -a yana nuna adadin, wanda galibi 256 ne, wato fangali 256 sau bayit 512, kilobayit 128 ke nan. Ƙara shi zuwa 1024 yana taimakon na'urar da ake kallon bidiyon darasi ko kwafar manyan fayiloli da ita. Ga mai buɗe ƙananan takardu barkatai kuwa, ɗibar abin da ba a nema ba ce kawai.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar mu, kuma a kansa ya kamata a daɗe. Kowane faifai yana da 'yar ƙwaƙwalwa tasa, daga megabayit 8 a tsofaffi zuwa 256 a wasu sababbi. Idan aka aiko masa da rubutu, yakan zuba shi a nan ya ce "na karɓa", sa'annan ya rubuta a kan faifan idan ya sami sarari, yana haɗa na kusa da juna domin rage zirga-zirga. Wannan yana ƙara sauri ƙwarai. Illarsa ita ce ta ɗan aiken da yake cewa "na kai" alhali saƙon yana aljihunsa. Idan aka ɗauke wuta a wannan tsakani, abin da ke aljihu ya tafi. Ana duba halin da yake ciki da -W, a kashe da -W0, a kunna da -W1.

Wace kalma ce za ta ɗauki wannan? Wasu ɗalibai sun taɓa kawo mini "ma'ajiya". Na ƙi ta, saboda ma'ajiya wuri ne na aminci, mai karatu zai saki jiki. "Zango" ya fi, domin kowa ya san zango ba gida ba ne, matafiyi ne ya yada kaya kafin ya wuce. Sai mu ce "zangon rubutu".

Kada kuma a fassara matanin ta yadda mai karatu zai ɗauka kashe zangon rubutu ya raba shi da asara. Zangon biyu ne. Kafin rubutu ya kai ga faifai, Linux kanta takan riƙe shi a ƙwaƙwalwar wucin gadi, bisa saitin asali har zuwa kusan sakan 30, sai fa idan manhajar da ake aiki da ita ta tilasta a rubuta nan take, abin da wasu suke yi wasu ba sa yi. Tsarin fayil na ext4, wanda Debian da Ubuntu suke amfani da shi, yakan umurci faifai ya juye zangonsa a muhimman gaɓoɓi, saboda haka ɗauke wuta ba kasafai yake rusa tsarin faifan ba, amma aikin 'yan sakannin ƙarshe yana iya salwanta. Na taɓa zuwa duba ɗalibai masu gwajin koyarwa a wata makaranta, na tarar da malami ya dafe kai, ya gama shigar da makin aji guda, ya adana, man janareta ya ƙare a daidai lokacin, da aka tayar sai fayil ya buɗe fayau. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da batir, don haka a bar mata zangonta a kunne. Ta kan tebur da ba ta da na'urar riƙe wuta, musamman wadda ake ajiye sakamakon jarrabawa a cikinta, kashe zangon yana rage haɗari ko da ya rage sauri. Umurnin sync kuma yana tilasta a juye duk abin da Linux ta riƙe, kuma ba ya komawa sai an gama. Duk da haka babu saitin da ya kai a kwafi fayil a ajiye a wata ma'adana dabam.

Na huɗu shi ne tattalin wuta. Umurnin -B yana karɓar lamba daga 1 zuwa 255. Daga 1 zuwa 127 an yarje wa faifai ya daina juyawa idan ba aiki, daga 128 zuwa 254 ba a yarje masa ba, 255 kuwa kashe tsarin ne a faifan da ya amince da hakan. Umurnin -S yana ƙayyade tsawon jiran kafin hutu, kuma lissafinsa yana da ban mamaki: daga 1 zuwa 240 ana ninka lambar sau sakan 5, don haka 120 minti 10 ne, amma 241 minti 30 ne, 242 kuma sa'a guda. Mai fassarar da ya rubuta "sa adadin mintoci" ya yi kuskure. Ga makarantar da take dogaro da hasken rana da batir, tattalin yana da amfani, amma yana da farashi. A shekarar 2007 masu amfani da Ubuntu a kwamfutocin tafi-da-gidanka sun koka cewa faya-fayansu suna janye kai su mayar ba ƙaƙƙautawa, alhali da yawa daga cikinsu an ƙera su ne su jure hakan kusan sau 600,000. Idan faifai yana yi sau ɗaya a minti, sa'a 8 a yini, sau 480 ke nan kullum, zai cinye adadin cikin kwana 1,250, ƙasa da shekara uku da rabi. Maganin da aka yi ta bayarwa shi ne -B 254.

Yawancin waɗannan sauye-sauye suna gushewa idan aka kashe na'ura. Wannan rahama ce ga mai gwaji. Sai an tabbatar da amfanin saiti ta hanyar awo kafin a rubuta shi a fayil ɗin /etc/hdparm.conf, inda Debian da danginta suke karanta shi a duk tashi.

9.6 Mai Tsara Layi da Lafiyar Faifai

A ɗauka an ba ɗan aike a Talata Mafara wasiƙu huɗu, ta farko zuwa Bakura, ta biyu Maradun, ta uku Bakura, ta huɗu Maradun. Idan ya bi jerin da aka ba shi zai wuni a hanya, tunda garuruwan biyu ba gefe ɗaya suke ba. Mai hankali zai haɗa na Bakura ya kai, ya dawo ya wuce Maradun. A cikin Linux akwai sashen da yake yi wa buƙatun faifai irin wannan tsari, za mu kira shi "mai tsara layi". Ana ganin waɗanda ake da su da umurnin:

cat /sys/block/sda/queue/scheduler

Daga cikinsu akwai mq-deadline, mai sa wa kowace buƙata wa'adi don kada wata ta tsufa a layi, da bfq, wanda ya shiga Linux a 2017, mai raba dama tsakanin manhajoji ta yadda kwafar babban fayil ba za ta daskarar da mai buga rubutu ba. Ga tsohuwar kwamfutar aji mai faifai mai juyawa, bfq ya cancanci gwaji. Tsofaffin matani za su ambaci cfq, wanda aka cire a 2019.

Ma'adanar SSD ba ta da faifai ko hannu, don haka jinkirin isa ya kusa ɓacewa a wurinta, kuma mai amfani da igiyar SATA takan kai kusan megabayit 500 a sakan. Kiran ta "faifai" kuskure ne na ma'ana, "ma'adana marar juyi" ya fi. Gaskiyar da ya kamata a faɗa wa shugaban makaranta ita ce, sauya tsohon faifai da irin wannan ma'adana ya fi duk wani saiti tasiri.

Wani lokaci kuma nawar na'ura ba ta saiti ba ce, ciwo ne. Umurnin sudo smartctl -a /dev/sda yana fito da rahoton da faifai yake rubutawa game da kansa. Layi mai lamba 5 yana ƙirga fangalin da suka lalace aka musanya su, 193 yana ƙirga janye kai, 194 kuma zafi ne. A watannin bazara zafin wannan yanki yakan haura digiri 40 a inuwa, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fankar na'ura, alhali yawancin faya-fayai iyakar juriyarsu digiri 55 zuwa 60 ce. Idan lamba ta 5 tana ƙaruwa mako bayan mako, a kwashe bayanai tun faifan yana amsawa.

9.7 Jinga

1. Kawo hujjoji biyu na harshe da suka sa "zangon rubutu" ya fi "ma'ajiyar rubutu". Idan kana da kalmar da ta fi su duka, kawo ta ka kare ta.

2. Faifai yana juyawa sau 10,000 a minti. Lissafa matsakaicin jiran rabin zagaye, ka rubuta bayanin cikin jumloli uku na Daidaitacciyar Hausa.

3. Je ɗakin kwamfuta na kwalejinku, ko wurin wani mai gyaran kwamfuta a garinku, ka tattaro kalmomi goma da ake kiran sassan na'ura da su a baka. Rarraba su bisa hanyoyi biyar na samar da kalma, ka nuna sauye-sauyen sauti da suka auku a waɗanda aka aro.

4. Rubuta takardar gargaɗi mai shafi ɗaya ga mai kula da ɗakin kwamfutar makarantar da ba ta da na'urar riƙe wuta. Ka ba abokin karatunka da bai karanta wannan babi ba ya karanta, sa'annan ya faɗa maka da bakinsa abin da zai yi kafin a kashe janareta.